Nakasassu da Akwatin Zaɓe: Wanda Ba a Ƙirga Ba, Ba a Shakkarsa

A watan Janairun 2023, ana saura 'yan makonni a shiga babban zaɓe, hukumar INEC ta miƙa wa jam'iyyu rajistar masu zaɓe mai ɗauke da sunan mutum 93,469,008. Waɗanda aka rubuta a ciki a matsayin masu nakasa su 85,362 ne kacal: zabiya 21,150, masu lalurar ƙafa ko hannu 13,387, makafi 8,103, kurame 6,159, sai sauran rukunoni. Hukumar ta yi bayanin cewa a rajistar shekarun baya ba a tambayar mutum ko yana da nakasa, sai a wadda aka yi tsakanin 2021 da 2022 aka fara. Bayanin gaskiya ne. Sai dai ɗan siyasa ba bayani yake karantawa ba, lamba yake dubawa. In ya raba 85,362 a kan rumfunan zaɓe 176,846 da ke ƙasar nan, da ƙyar zai sami mutum ɗaya a kowace rumfa biyu. To wa zai hana idonsa barci don neman wannan ƙuri'a?

Alhali kowa ya san lambar ba ta kama ƙafar gaskiya ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta makafi sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama kaɗai, kuma a Arewa maso Gabas ne kason makafi cikin jama'a ya fi na kowane yanki yawa. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ta ba da nakasassu kusan miliyan uku da kwata. Bankin Duniya kuwa, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ambaci miliyan 29 a shekarar 2018. Ɗauki mafi ƙanƙantar lambar ma, tazarar da ke tsakaninta da abin da ke cikin rajista ta isa ta nuna inda gizo ke saƙar.

Ra'ayina shi ne, nakasassun Arewa ba tausayi ne ya yi musu ƙaranci ba. Tausayi kam suna samu, a ƙofar masallacin Juma'a, a watan azumi, a bakin danja. Abin da ba su da shi shi ne ƙuri'a mai suna da adireshi, wadda aka san yawanta da rumfar da take, wadda za a iya ba ɗan takara ko a hana shi. Har sai an samar da ita, duk dokar da aka yi dominsu za ta ci gaba da kwana a cikin durowa.

Dokar ma akwai ta, kuma ba laifi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin hana nuna musu wariya a 2011 da kuma 2015, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Shugaba Buhari ne ya sa hannu a ranar 23 ga Janairun 2019, wata guda kafin zaɓe, kuma lokacin da ya zaɓa ɗin ma darasi ne. Dokar ta ce wanda ya nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa zai biya tarar naira 100,000 ko ya sha ɗaurin wata shida, kamfani ko ma'aikata kuma naira miliyan ɗaya. Ta ba nakasasshe ilimi kyauta har sakandare. Ta ce a ba shi fifiko a layi. Ta haramta yawo da nakasasshe ana bara da shi. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta kafa hukumar nakasassu ta ƙasa, wadda aka naɗa shugabanninta a 2020.

Ka zagaya sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko kotun majistare, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ka duba ko wa'adin nan ya canza wani abu. Dalilan rashin canjin ba ɓoyayyu ba ne.

Amincewa da zanen gini aikin jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2003 a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya. Wanda zai sa hannu a zanen kantin zamani a Kano ma'aikacin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ne, a Kaduna na takwararta KASUPDA. Makarantun firamare na ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ƙananan hukumomi. Saboda haka dokar Abuja ba ta isa ajin firamare na ƙauye sai jiha ta yi tata, ta kuma sanya sharaɗin a cikin takardar kwangila. Jihohi da dama sun yi dokar: Filato tun 2005, Legas a 2011, Jigawa da Kano, Kaduna a 2021. Amma yin doka daban, kafa hukumar da za ta aiwatar daban, ware mata kuɗi a kasafi daban, sakin kuɗin kuma shi ne mai wuyar. Hukumar da aka ba ta ofis mai ɗaki biyu da kuɗin shayi ba za ta rufe ginin kowa ba.

Sai maganar kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati da dokar tarayya ta ware wa nakasassu, wadda aka fi yawan ambata a taruka. Wanda ya karanta sashen zai ga an saƙala kalmomin "gwargwadon iko" a ciki. Da wannan ƙofa kowane shugaban ma'aikata ke fita. Ƙari a kan haka, yawancin ɗaukar aiki yanzu ba a tallata shi. Ana kiran shi cike gurbi, a raba wa manya, kowa ya kawo nasa. Hukumar raba daidai ta tarayya jihar da mutum ya fito take dubawa, ba ruwanta da ko makaho ne ko gurgu. Shi kansa kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 42 da ya hana wariya, ya lissafa ƙabila da wurin asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci nakasa da sunanta ba.

Yanzu mu je rumfar zaɓe, domin a nan ake gane wanda ƙasa ta ɗauka ɗan ƙasa.

Tun ƙarfe goma sha biyun dare 'yan sanda sun hana zirga-zirgar ababen hawa. Mai ƙafa zai taka. Gurgun da rumfarsa ke da nisan kilomita biyu, wanda kullum adaidaita sahu ke kai shi, an riga an cire shi daga zaɓen kafin gari ya waye, sai in yana da keken hannu da ƙarfin tuƙa shi a cikin rairayi. In ya isa, rumfar galibi a barandar makarantar firamare take ko a ƙofar gidan mai unguwa, da lambatu a gaba wanda aka ɗora wa katako guda. Baranda mai tsayin santimita 60 tana buƙatar gangaren da ya kai mita 7.2 kafin mai keke ya hau shi da kansa, domin ƙa'idar ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi goma sha biyu na tsawo. 'Yan kwangilarmu kan zuba siminti mita ɗaya da rabi su goge shi sumul, ba ƙarfen riƙewa, su ce sun yi. Irin wannan gangare ba hawa ake yi ba, faɗuwa ake yi. Ƙofar aji da ba ta kai faɗin santimita 90 ba keke ba ya shiga cikin sauƙi. Teburin dangwala kuma an yi shi daidai tsayin mai tsayuwa, don haka wanda ke zaune a keke ko a ƙasa sai ya ɗora takardar a cinyarsa, duk wakilan jam'iyyu na kallon inda yatsansa ya sauka. Sirrin ƙuri'a ya tafi ke nan. Kuma wanda aka ga abin da ya zaɓa, gobe ana iya cire sunansa daga jerin masu karɓar tallafi.

Makaho kuwa, INEC ta fito masa da wani kwali mai rubutun makafi, wanda aka fara gwadawa a zaɓen gwamnan Osun na 2018. Ana zura takardar ƙuri'a a ciki, kowace jam'iyya da tagarta da sunanta a rubutun taɓawa. Dabara ce mai kyau ga wanda ya yi makarantar makafi, irin ta Gindiri da aka buɗe a 1953 ko ta Tudun Maliki a Kano. Amma mafi yawan makafinmu da girmansu suka makance, ta dalilin yanar ido ko amosani ko hawan jinin ido, ba su taɓa koyon wannan rubutu ba. Abin da ya rage musu shi ne tanadin dokar zaɓe, kamar yadda ya zo a sashe na 54 na dokar 2022, wanda ya ba su damar shiga da wanda suka zaɓa da kansu ya taimaka musu. Ƙa'idar hukumar ta ce mataimakin ba zai zama wakilin jam'iyya ko malamin zaɓe ko jami'in tsaro ba. A aikace, ɗan jagoran makaho yaro ne ɗan shekara takwas wanda ba zai iya tantance tambarin jam'iyyu ba, sai wani "mai taimako" ya taso daga cikin 'yan jam'iyya ya ce, "Baba, kawo in dangwala maka." Allah kaɗai ya san inda ya dangwala.

Wanda kuturta ta cinye wa yatsu ya sha wahala a zamanin na'urar karanta kati, wadda zanen yatsa kawai ta sani. Na'urar BVAS da aka fara aiki da ita a 2021 ta rage wannan, tunda tana tantancewa da fuska. Saura dangwalar: hannun da ba yatsu in ya sha tawada yana iya haura layi ya shiga gidan wata jam'iyya, a wajen ƙirga a ce ƙuri'ar ta lalace. Kurma ba ya jin sanarwar malamin zaɓe, ba ya jin an kira sunansa. Mai fassara da hannu da ake nunawa a kusurwar talabijin yana amfani da salon makaranta wanda ya samo asali daga Amurka, alhali kurman kasuwa da na ƙauye maganar hannu ta Hausawa ya iya. Zabiya na buƙatar inuwa da gilashin ƙara girman rubutu, ga layi a tsakiyar rana daga takwas da rabi zuwa biyu da rabi. In kuma 'yan daba suka tarwatsa layi, ko aka harba barkonon tsohuwa, kowa ya san wanda za a bari a ƙasa. Iyalai da yawa saboda wannan tsoron suke hana nasu fita, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Ga inda lambar nan ta rajista ke cizo: hukumar zaɓe na raba kwalin makafi da gilashin zabiya ne bisa abin da rajista ta nuna. Rumfar da rajista ta ce ba makaho a cikinta ba za a aika mata komai ba. Makahon ya zo bai sami kayan aiki ba, ya yi fushi, zaɓe na gaba ya ƙi zuwa. Malamin zaɓe, wanda yawanci ɗan hidimar ƙasa ne da aka horar cikin kwana biyu ko uku, ya bar fom ɗin EC40H na ƙididdigar nakasassu babu komai a ciki. Rahoto ya koma Abuja cewa ba su fito ba.

Tun kafin ranar zaɓe ma an gama rabon. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da kai, kuma sai kana da ilimin da ya kai matakin sakandare. Yaron da aka bari a gida ko aka tura bara saboda makarantar garinsu ba ta da malamin kurame, an hana shi takara tun yana ɗan shekara shida. A 2022 APC ta sa fom ɗin majalisar wakilai naira miliyan 10, na majalisar jiha miliyan biyu, ta yafe wa mata da nakasassu kuɗin fom ɗin tsayawa, suka biya na nuna sha'awa kawai. An yi ta tafi. Amma fom shi ne mafi arha a cikin takara. Kuɗin na wajen daliget, da motocin kamfe, da wakili a kowace rumfa. PDP a taronta na fidda ɗan takarar shugaban ƙasa a shekarar ta ware daliget ɗaya na nakasassu daga kowace jiha da Abuja, su 37, a gefen 774 na ƙananan hukumomi. A tsarin APC akwai kujerar shugaban masu buƙata ta musamman tun daga mazaɓa. Tambayar ita ce wa ke zaɓar mai kujerar. In shugaban jam'iyya ne ya rubuta sunansa a ɗakin otal, to wakilin shugaban jam'iyya ne a wurin nakasassu, ba wakilin nakasassu a jam'iyya ba.

Abin takaicin shi ne, a ƙasar Hausa babu rukunin talakawa da ya kai nakasassu tsari. Tun kafin zuwan Turawa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, ga Sarkin Guragu, kowanne da fadawansa da wakilansa a garuruwa. Suna sasanta rikici, suna haɗa kuɗin biki da na jana'iza, sun san wanda ya zo ci-rani da wanda ya koma gida. A Karmajiji da ke Abuja akwai unguwa guda ta nakasassu da sarkinta. Waɗanda shan inna ta kama a Kano sun kafa ƙungiya da ke ƙera kekunan guragu da hannunsu, kuma daga cikin irinsu ne ƙwallon guragu ta fito, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988. Jam'iyya za ta kashe miliyoyi kafin ta gina irin wannan tsari. 'Yan siyasa sun san da shi sarai, kuma sun san yadda ake amfani da shi da arha: saura mako biyu zaɓe a kira shugabanni gidan gwamnati, a raba buhun shinkafa da turmin atamfa da kekuna ashirin, a ɗauki hoto, washegari a ji a rediyo cewa nakasassun jiha kaf sun yi mubaya'a. Bayan rantsuwa kuma sai a aiko motar kamen mabarata.

Kamen ma ya isa misali. Kano ta yi dokar hana bara a ƙarshen 2013 zamanin Kwankwaso, aka ɗora wa Hisbah aiwatarwa. Kaduna ta hana a Yulin 2015 bayan harin bam na Sabon Garin Zariya, nakasassu suka fito zanga-zanga suna tambayar abin da za su ci. Ni ba mai kare bara ba ne. Tana zubar da mutunci, tana kuma cinye ƙuruciyar yaran da ke jagora. Amma gwamnati na iya aiwatar da hani cikin kwana ɗaya, ta kasa aiwatar da kashi biyar na aiki cikin shekara biyar, saboda hanin na faranta wa masu mota rai, su kuwa masu ƙuri'a ne da ake shakka. Jigawa ta gwada wata hanya a 2007 lokacin Sule Lamido: naira 7,000 duk wata ga mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27. A lokacin kuɗin ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda yake 5,500. Tsari ne da ya cancanci yabo, amma yana da rauni biyu da duk mai son kwaikwaya ya kamata ya lura da su. In aka ƙayyade adadin mutane, to wani ne zai zaɓi wanda zai shiga, kuma nan siyasa ke kutsowa. In aka ƙayyade kuɗi ba tare da an ɗaura shi da mafi ƙarancin albashi ba, tsadar rayuwa za ta cinye shi a tsaye.

Wani zai ce ai talaka duk talaka ne, mai ido ma bai sami aikin ba. Haka ne, amma mai ido yana iya shiga ofishin ya nema, yana iya tsayawa a layi ya hukunta wanda ya hana shi. Wani kuma zai ce lamarin ƙaddara ne, sai haƙuri da sadaka. Wanda ya faɗi haka ya koma tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, ladani ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Ba kwano aka miƙa masa ba, amanar gari aka ba shi.

To ta yaya taro ke zama ƙarfi? Lissafin ba shi da wuya. A 2019 Aminu Waziri Tambuwal ya ci zaɓen gwamnan Sakkwato da ratar ƙuri'a 342, a jiha mai mazaɓu 244. Ko ƙuri'a biyu a kowace mazaɓa ba ta cika ba. A shekarar Ganduje ya ci Kano da ratar 8,982, a mazaɓu 484, wato ƙasa da 19 a kowace mazaɓa. Babu mazaɓar da za a rasa nakasassu 19 da suka isa zaɓe, balle a haɗa da matansu da mazajensu da 'ya'yansu da suka balaga.

Aikin farko littafi ne, na takarda ma ya isa. Kowace mazaɓa a sami mutum biyu, mace da namiji, su bi gida-gida tare da izinin mai unguwa, su rubuta suna, irin lalurar, ko akwai katin zaɓe, lambar rumfa, da abin da mutum ke buƙata kafin ya iya zuwa. Dole a sa mace, domin nakasassun mata na cikin gida, kuma iyali kan ɓoye su. Namiji baƙo ba zai gan su ba. Daga littafin za a ware kashi uku: marasa kati, masu katin da ba a rubuta nakasarsu ba, da masu katin da rumfarsu ke wani gari. Kashi na biyu gyaran bayani kawai suke buƙata a ofishin INEC na ƙaramar hukuma lokacin da aka buɗe rajista. Kashi na uku, wanda ya ƙunshi mafi yawan 'yan ci-rani, sauyin rumfa za su nema zuwa mafi kusa da inda suke kwana. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a rufe rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a aikace hukumar kan rufe tun kafin haka, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Katin kuma ba a karɓar wa wani, sai mai shi ya je da kansa. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe: an yi rajista da ɗoki, katunan na can jibge a ofis saboda ba a tanadi kuɗin motar komawa ba. A rubuta wa jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma takarda, da jerin sunaye, a nemi ya kawo na'ura ko katunan unguwar a rana ɗaya. Buƙatar da ta zo da sunaye ɗari biyu ta fi wadda ta zo da koke saurin samun amsa.

Da littafin a hannu ake zuwa wurin 'yan takara, dukkansu, ba na jam'iyya mai mulki kaɗai ba. Kuma ba a zuwa da buƙata ashirin. Uku sun isa, kowacce da lamba da wa'adi, irin wadda za a iya dubawa a gane an yi ko ba a yi ba. Misali: layi mai suna a kasafin kuɗi na hukumar nakasassu, tare da buga abin da aka saki duk wata uku, sharaɗin gangare mai ƙa'ida da ƙofa mai faɗi a cikin kowace kwangilar aji da asibiti, kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai wakilin nakasassu ya hau da kekensa ya sa hannu, da buga sunayen waɗanda aka ɗauka a kowane zagayen ɗaukar malamai da ma'aikatan lafiya don a ƙirga kashi biyar ɗin. Ɗan takara ya sa hannu a gaban 'yan jarida, a karanta a rediyo da Hausa. "Za mu duba lamarinku" ba alkawari ba ne.

Abin da ke rusa irin wannan yunƙuri daga ciki yake fitowa. Shugaba ɗaya in shi kaɗai ke shiga wurin gwamna, kujerar Makka ɗaya ta isa ta saye shi. Maganinsa a riƙa shiga da tawaga, kowane rukuni da wakilinsa, a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka tattauna a ranar. Akwai kuma rabuwar kai: makafi na ganin guragu sun cinye kekuna da muƙamai, kurame na ganin ana taro ba mai fassara, waɗanda suka yi fama da kuturta ana ƙyamarsu har a cikin 'yan uwansu nakasassu, masu lalurar ƙwaƙwalwa kuwa ba mai ambatonsu. Ga rata tsakanin 'yan boko masu taron bita a otal-otal na Abuja da Turanci, da mabaratan da ke bin Sarkin Makafi. Na farko sun san doka ba su da jama'a, na biyu suna da jama'a ba a karanta musu dokar ba. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, JONAPWD, ba za ta yi nauyi a Arewa ba sai rassanta sun zauna a tabarma ɗaya da waɗannan sarakuna.

Daga ƙarshe dai maganar kujera ce. Yuganda ta ware wa nakasassu kujeru biyar a majalisar dokokinta, dokar ƙananan hukumominta ta 1997 kuma ta ba su kansila biyu, mace da namiji, a majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba su sanata biyu. A Ghana, lokacin da Shugaba Mahama ya naɗa Dakta Henry Seidu Daanaa, makaho, ministan harkokin masarautu a 2013, wasu sarakuna sun ce al'ada ta hana su zama da shi. Majalisa ta tabbatar da shi, ya kuma yi aikinsa. A Najeriya ware kujera a Majalisar Tarayya na buƙatar gyaran tsarin mulki: kashi biyu cikin uku na sanatoci 109 da na wakilai 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Mata, da duk yawansu, sun ga yadda aka yi watsi da ƙudurorinsu biyar a ranar 1 ga Maris 2022. Matasa kuwa sun ci nasarar rage shekarun takara a 2018, saboda sun bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, jiha bayan jiha, suna wallafa sunan wanda ya yarda da wanda ya ƙi.

Kafin a kai ga wannan, akwai ƙofar da ta fi kusa. Sashe na 7 na tsarin mulki ya bar wa majalisar jiha tsara yadda majalisun ƙananan hukumomi za su kasance. Gyaran layi ɗaya a dokar ƙananan hukumomi ta jiha zai iya wajabta cewa a cikin kansilolin naɗi na kowace ƙaramar hukuma a sami nakasasshe ɗaya, wanda ƙungiyoyinsu na yankin za su zaɓa da ƙuri'a, ba wanda ciyaman ya ga dama ba. A Kano mutum 44 ke nan, a Katsina 34, a Jigawa 27, a Sakkwato 23, kowanne zaune a wurin da ake yanke shawarar rumfunan kasuwa da gyaran azuzuwa da jerin masu karɓar tallafi. Wannan gyara rinjayen 'yan majalisar jiha kawai yake buƙata da sa hannun gwamna, kuma ɗan majalisar jiha na cikin waɗanda ƙuri'a ɗari biyu ke iya kayarwa.